Injin naɗe zare marar nauyi don tirawut da salmon: abin dubawa kafin a biya kuɗi

A kantin kayan kamun kifi, ko a Edinburgh ne ko a Toronto, idan ka ce kana son injin naɗe zare, wato ril, mai kanti zai ɗora maka shi a tafin hannu don ka ji rashin nauyinsa. Daga nan sai ya nuna maka abin da aka rubuta a jikin kwali: giram 180, boris goma sha ɗaya. Lambobin suna da amfaninsu, amma ba su ke fitar da kifi daga ruwa ba. Birkin injin shi ne kan gaba, sai yadda yake jera zare a kan kwarkwaro, rashin nauyi kuma ya zo na uku. Kafin mu kai can sai mun fara da kifin, domin shi ke yanke girman injin da za ka saya.

Tirawut da salmon 'yan gida ɗaya ne, kifayen ruwan sanyi. Tirawut ya fi sakewa a ruwan da ke tsakanin digiri 10 zuwa 16, kuma da ruwa ya haura digiri 20 sai ya fara galabaita, shi ya sa ba a samunsa a kogin Kaduna ko tafkin Kainji. Mai wannan kamu a cikinmu shi ne wanda karatu ko aiki ya kai Birtaniya, Kanada, arewacin Amurka ko Norwe, ko tsaunukan Kenya da Lesotho inda aka kai irin kifin tun zamanin Turawa. Tirawut na ƙaramin rafi yawanci bai wuce giram 200 zuwa 500 ba. Wanda ake kiwo a zuba a tafki, mai jan zane a gefe, yakan kai kilo ɗaya zuwa biyu. Salmon kuwa wani abu ne daban. Wanda ya yi hunturu ɗaya a teku ya dawo kogi yana kai kilo biyu zuwa uku, wanda ya yi biyu ko uku kuma daga kilo huɗu har sama da goma. Mafi girman da aka taɓa kamawa da sanda a Birtaniya shi ne na Georgina Ballantine a kogin Tay a 1922, kilo 29. A kogin Kenai na Alaska an kama Chinook, wani nau'in babban salmon, mai kilo 44 a 1985. Ba irin waɗannan za ka ci karo da su ba, amma ko mai kilo shida, idan ya juya ya bi ruwa, zai iya kwashe maka mita hamsin na zare kafin ka gyara tsayuwa.

Saboda haka injin guda ɗaya ba zai yi wa ƙaramin tirawut da babban salmon aiki daidai ba. Akwai tsaka-tsaki, zan zo kansa, amma gara ka san tun yanzu cewa tsaka-tsaki ne.

Yadda injin ke aiki

Kwarkwaron wannan injin ba ya juyawa lokacin jifa. Yana tsaye ne yana kallon bakin sanda, zaren kuma yana zamewa ta gefensa da nauyin koto kawai, shi ya sa ake iya jefa koton ƙarfe mai giram biyu da shi. Idan ka murɗa hannun injin, babbar giya tana juya ƙaramar giya ta tagulla, ita kuma ta juya kan injin. A jikin kan akwai lanƙwasasshiyar waya kamar baka, da 'yar ƙaramar taya a gefenta wadda zare ke bi ta kai. Yayin da kan ke zagayawa, sandar tsakiya tana tura kwarkwaro gaba da baya don zaren ya jeru. Wani mai masaƙa na Bradford, Alfred Holden Illingworth, shi ya yi rajistar wannan tsari a 1905, kuma Mitchell 300 da aka fitar daga garin Cluses na Faransa a 1948 shi ya yaɗa shi a duniya. Har yau ginin bai canja sosai ba, kayan da ake ƙera shi da su ne suka canja.

Lambar girma da abin da take nufi

Za ka ga 500, 1000, 2000, 2500, 3000, 4000. Kamfanoni ba su da ma'auni ɗaya, don haka 2500 na wannan na iya zama 3000 na wancan. Tsofaffin injinan Daiwa sun fi na Shimano girma a lamba ɗaya, sai da Daiwa ta fito da jerin LT sannan suka kusanci juna. Ka fi dogara da tsawon zaren da aka rubuta a jikin kwarkwaro. Lamba 1000 tana ɗaukar kusan mita 140 na zaren roba mai kaurin milimita 0.20. Lamba 2500 tana ɗaukar kusan mita 160 na 0.25. Lamba 4000 kuma kusan mita 180 na 0.30, ko 130 na 0.35.

Harrufan da ke manne da lambar su ma suna magana. A wajen Shimano, C a gaba na nufin jiki ƙarami da kwarkwaro babba, wato C3000 jikin 2500 ne aka ɗora masa kwarkwaro mai zurfi. S na nufin kwarkwaro marar zurfi, HG da XG giya mai sauri, PG mai jan hankali. Daiwa kan sa D ga mai zurfi, H da XH ga mai sauri.

Ga ƙaramin rafi mai itatuwa, inda jifa ba ta wuce mita goma sha biyar ba, 1000 ko 2000 a kan sanda mai tsawon mita 1.8 zuwa 2.1 ta wadatar. Ban cika son 500 ba. Kwarkwaronsa ya yi ƙanƙanta, zaren roba yana kwanciya a kai da ƙananan zagaye, sai ya riƙe lanƙwasar ya riƙa fitowa a nannaɗe, jifa ta gajarce, ƙulli ya yawaita. Giram goma ko ashirin da ka rage ba su kai wannan wahala ba. Ga babban kogi da tafki, 2500 ko C3000 a kan sanda mai mita 2.4 zuwa 2.7. Ga salmon na gaske a kogin Tay ko kogin Tweed, ko Chinook da ke hawowa kogin Ganaraska a Ontario cikin watan Satumba, kada ka sauka ƙasa da 4000, da sanda mai mita 3 zuwa 3.3.

Maganar nauyi

Injin 2500 mai araha yakan yi giram 240 zuwa 260. Mai jikin alminiyam na matsakaicin kuɗi yana wajen 220. Mai jikin kabon, irin wanda Shimano ke kira CI4+, Daiwa kuma Zaion, yakan sauko zuwa 180, masu tsada ma ƙasa da haka. Giram sittin kamar ba komai ba ne, amma wanda ya wuni yana jifa da wuyan hannu ɗaya zai ji bambancin a kafaɗa da yamma.

Sai dai nauyin da hannu ke ji ba na injin kaɗai ba ne, na injin da sanda ne a haɗe. Ka ɗaura injin, ka ɗora sandar a kan yatsa ɗaya daidai gaban mazaunin injin. Idan ta tsaya, ko ta ɗan rinjaya gaba kaɗan, to ta yi. Idan kan sanda ya faɗi ƙasa da sauri, injin ya yi rashin nauyi ga wannan sanda, kuma wuyan hannunka ne zai wuni yana ɗaga ta. Sanda mai mita uku da injin giram 200 ta fi gajiyarwa a kan wadda aka ɗaura wa mai giram 280. Don haka ka je kanti da sandarka, ko ka nemi irinta a can ka gwada.

Akwai kuma taurin jiki. Jikin roba mai araha yana lanƙwasa idan babban kifi ya ja, kuma da ya lanƙwasa haƙoran giya ba sa haɗuwa daidai, sai ka ji hannu ya yi tauri, daga baya haƙoran su cinye. A kamun tirawut wannan ba ya tasowa, domin kifin ba shi da ƙarfin da zai murɗe jiki, can rashin nauyi ya fi amfani. A kamun salmon na fi son jikin alminiyam ko da ya ƙara giram arba'in. Gwajin mai sauƙi ne: riƙe ƙafar injin da hannu ɗaya, ka kama jikin da ɗayan ka murɗa a hankali. Idan ka ji yana ba da kai, ba na salmon ba ne. Maganiziyam yana da tauri da rashin nauyi, amma idan fentinsa ya kankare ya taɓa ruwan gishiri sai ya fara ci, don haka mai zuwa bakin kogi inda yake haɗuwa da teku ya lura.

Birki

Nan ne kuɗinka ya kamata ya tafi. A cikin kwarkwaro akwai wasu faifai da aka jera, na ƙarfe da na laushi, ɗaya bisa ɗaya. Murfin da ke gaba yana matsa su ta hanyar sifirin. Idan kifi ya ja da ƙarfin da ya wuce matsin, kwarkwaro ya juya ya ba da zare maimakon zaren ya tsinke. Birkin da ke gaba ya fi na baya, domin faifansa sun fi faɗi kuma sun fi saurin huce zafi.

A kwali za a rubuta maka ƙarfin birki: kilo 3 ga 1000, kilo 9 ga 2500, kilo 11 ga 4000, ko kusa da haka. Wannan lamba ba ta da wani amfani a gare ka, domin ba za ka taɓa kai rabinta ba. Tirawut ana kama shi da birkin rabin kilo zuwa kilo ɗaya, salmon da kilo biyu zuwa uku. Abin nema shi ne yadda birkin ke farawa. Birki marar kyau yana manne da farko, sai an ja da ƙarfin da ya fi wanda aka saita sannan ya saki, ya saki kuma da fizga. A wannan fizgar ta farko zare siriri ke tsinkewa, ko ƙugiya ta yage daga bakin kifi, kuma bakin tirawut ba shi da tauri. Duk telan da ya san keken ɗinki ya san haka: idan matsin zare yana kamawa yana saki, ɗinki ba ya tafiya, zaren sama ne ke ta tsinkewa. Tirawut mai jan zane yana tsalle ya girgiza kai a iska, kowace girgiza fizga ce, birkin kuma dole ya amsa nan take ba tare da ya maƙale ba.

Faifai iri biyu ne. Na matsattsen ulu da aka jiƙa da mai sun fi laushi a ƙaramin matsi, su suka dace da zare mai ƙarfin kilo biyu zuwa uku. Na saƙar kabon sun fi jure zafi da doguwar gudu, su suka dace da salmon. Ulu yana matsewa ya mutu idan aka bar shi a ɗaure, shi ya sa kullum bayan ka tashi daga ruwa ka kwance murfin birki har ya saki gaba ɗaya. Injina da yawa da ake cewa birkinsu ya lalace, barin su aka yi a ɗaure tun daga ƙarshen kaka har bazara.

Saitin kuwa ba a yinsa da ka. Ƙa'idar ita ce kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren, ko na guntun zaren da ake ƙullawa a gaba kusa da koto idan shi ne mafi rauni. Zare mai ƙarfin kilo uku, birki giram 750 zuwa kilo ɗaya. Ka zura zaren ta duk zobban sanda, ka ɗaura shi a gorar ruwa mai mililita 750, ka ɗaga a hankali. Birkin ya fara saki daidai lokacin da gorar ke barin ƙasa. Ga salmon, zare mai kilo takwas, birki kilo biyu zuwa biyu da rabi. Wannan kada ka ɗaga shi da sanda, za ka iya karya ta. Ka sa wani ya riƙe ƙaramin sikeli mai ƙugiya, kai kuma ka ja da baya, sanda a karkace rabi. Idan ka ja zaren kai tsaye daga bakin injin da hannu, ƙarfin da za ka ji bai kai na gaskiya ba, domin zobban sanda suna ƙara nasu gogayyar.

Wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba: birki yana ƙara ƙarfi da kansa yayin da zare ke raguwa. Matsin faifan bai canja ba, amma faɗin naɗin ya ragu, don haka sai an ƙara ƙarfi kafin kwarkwaro ya juya. Idan faɗin ya sauko daga milimita 45 zuwa 30, birkin kilo biyu ya zama uku. Ga kuma ruwa da ke jan doguwar igiyar da ke cikinsa. To a daidai lokacin da salmon ya yi nisa, zuciya ke cewa a ƙara ɗaurewa, nan kuma ake asarar kifi. Idan ya yi nisa, ka bar birki yadda yake ko ka ɗan sassauta, ka bi shi da ƙafa ta gaɓar kogi. In kana son ƙarin matsi na ɗan lokaci, ɗora yatsa a gefen kwarkwaro, shi kana iya ɗagewa cikin ƙiftawar ido. Wannan ma na daga cikin dalilan da suka sa 4000 ya fi 2500 ga salmon: mita hamsin da kifi ya kwashe ba sa rage faɗinsa sosai.

Kuma kada ka murɗa hannu yayin da birki ke kuka. Zare ba ya shigowa, amma kan injin yana zagayawa, kowane zagaye murɗa ɗaya ce a jikin zaren. Da giya mai 6, wato mai zagaya kan injin sau shida a murɗawa ɗaya, murɗawar hannu goma ta zuba murɗa sittin. Ka ɗaga sanda ka jawo kifin, ka sauke ta kana naɗewa, haka ake yi.

Saurin giya

Idan aka rubuta 5.3:1, kan injin yana zagayawa sau 5.3 a murɗawar hannu ɗaya. Abin da ya fi wannan amfani shi ne tsawon zaren da ke shigowa. Kwarkwaron 2500 faɗinsa kusan milimita 47 ne, zagayensa kusan santimita 15, don haka 5.3 na kawo santimita 78, 6.0 kuma 89. Lamba 4000 mai 6.2 tana kai mita guda.

Zaɓin ya danganta da inda kake jifa. Mai jefa koto mai juyawa, irin Mepps lamba 1 ko 2, zuwa saman rafi, ruwa na dawo masa da koton, kuma idan bai fi ruwan sauri ba fiffiken ba zai juya ba, koton ya nutse ya maƙale a dutse. Shi giya mai sauri yake buƙata. Mai jan ƙaramin cokali, wato koton ƙarfe mai siffar cokali, mai giram biyu ko uku a tafki cikin sanyi, inda kifi ba ya son bin abu mai gudu, 5.0 zuwa 5.3 ta fi masa, domin da wuya hannu ya daure yana tafiya a hankali da giya mai sauri. A kamun salmon da cokalin Toby mai giram 18 zuwa 28, ana jefawa ƙetaren kogi ne a bar ruwa ya kewayo da shi, naɗewa kaɗan ce. Duk da haka na fi son mai sauri, saboda lokacin da kifi ya juyo ya nufo ka da gudu. Idan zare ya yi sako-sako a lokacin, ƙugiya marar ƙaya, wadda koguna da yawa suka wajabta yanzu, fita take yi.

Kwarkwaro da zare

Yawancin ƙorafin da ake yi a kan injin, laifin cika zare ne. A bar milimita biyu tsakanin zare da leɓen kwarkwaro. Idan ya cika har baki, zagaye da yawa suna zubowa lokaci guda su harɗe. Idan ya yi ƙasa da milimita huɗu ko biyar, zaren yana gogar leɓe, jifa ta ragu sosai.

Bayan ka cika, ka dubi naɗin ta gefe. Ya kamata ya miƙe sambal, ko ya ɗan fi kauri kaɗan ta gaba. A cikin kwalin injin akwai wasu siraran wasa na roba a 'yar leda, mutane kan zubar da su ba su san aikinsu ba. A sandar tsakiya ake sa su, ƙarƙashin kwarkwaro. Idan zare ya taru ta gaba, ƙara guda ɗaya. Idan ya taru ta baya, cire guda ɗaya. Wanda ya taru ta baya shi ya fi haifar da harɗewa, domin zagayen gaba na jawo na bayansa su fito tare.

Zaren roba mai 0.16 zuwa 0.20 ya ishi tirawut, kuma yana miƙewa, miƙewar tana rufa wa birki asiri. Kafin ka naɗa shi ka jiƙa shi a ruwan ɗumi na wasu mintuna. Ka ajiye faifan zaren a ƙasa a kwance, ka naɗa sau goma sha biyar, ka sassauta ka gani: idan zaren ya nannaɗe kansa, kifa faifan ta ɗaya fuskar. Ka riƙe zaren da jiƙaƙƙen ƙyalle don ya shiga a matse.

Saƙaƙƙen zare ya fi siranta, ya fi nisan jifa, ba ya miƙewa, kana jin duk abin da ya taɓa koto. Amma da yake ba ya miƙewa, duk fizga kai tsaye take zuwa birki, don haka injin mai birki marar kyau da saƙaƙƙen zare ba sa zama tare. Yana kuma zamewa a kan kwarkwaron ƙarfe. Za ka ga kana murɗawa zare ba ya shigowa, ka ɗauka birki ne ya mutu, alhali duk naɗin ne ke juyawa. Maganinsa a fara da mita goma na zaren roba a ƙasa, ko zagaye ɗaya na salatif ɗin wuta. Kwarkwaro marar zurfi an yi shi ne don wannan zare, mita 150 ta cika shi. A gaba a ƙulla mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi na fulorokabon, wani zare mai kama da na roba, 0.18 zuwa 0.22 ga tirawut, 0.35 zuwa 0.40 ga salmon, saboda duwatsu suna yanka saƙaƙƙen zare da sauri.

Koto mai juyawa yana murɗa zare komai kyawun injin. Ka sa ɗan majuyi, wato ƙaramin ƙarfen haɗa zare da ke juyawa, mai boris kamar santimita hamsin sama da koton. Idan zaren ya riga ya murɗe, cire komai daga bakinsa, ka sake mita arba'in ko hamsin ruwa ya ja shi na 'yan mintuna, sannan ka naɗe ta tsakanin yatsu. Kuma ka saba rufe bakan waya da hannu bayan jifa, ka ja zaren ya miƙe kafin ka fara naɗewa. Rufewa da murɗa hannu tana barin sako-sakon zagaye a kan kwarkwaro, shi ne ke zama ƙulli bayan jifa biyu ko uku, tana kuma gajiyar da sifirin ɗin bakan.

Yawan boris kuwa, kada ya ɗauke maka hankali. Biyar ko shida masu kyau a inda ya dace, wato biyu a babbar giya, biyu a ƙaramar, ɗaya a 'yar tayar zare, sun fi goma sha biyu na banza. Na 'yar tayar nan ya fi muhimmanci, domin idan ta daina juyawa zare yana goga a wuri ɗaya, ya murɗe, ya yi zafi, har ya sassaƙa rami a jikinta.

Sanyi da kula

A kogin Tay ana buɗe kamun salmon ranar 15 ga Janairu, a cikin tsananin hunturu, kuma a irin wannan sanyi injin yana nuna halinsa. Giris mai kauri yana daskarewa, hannu ya yi nauyi. Boris ɗin da ke hana hannu komawa baya ba ya son giris ko kaɗan. Idan giris ya shige shi, cikin sanyi ƙananan sandunansa ba sa kamawa, sai ka ja kifi hannu ya juya baya. Ɗigon mai marar kauri kawai yake so. Saƙaƙƙen zare yana shan ruwa ya ƙanƙare a kan kwarkwaro idan sanyi ya sauka ƙasa da sifili, a irin ranar zaren roba ya fi.

Kada ka tsoma injin cikin ruwa, kada ka ajiye shi a kan yashi. Bayan kamu, ɗaure birki, ka yayyafa masa ruwa mai tsabta ba da ƙarfi ba, ka goge, ya bushe a inuwa, sannan ka kwance birkin. Ɗigon mai ɗaya a 'yar tayar zare, ɗaya a mariƙin hannu, ɗaya a sandar tsakiya, lokaci-lokaci. Feshin kwance tsatsa irin WD-40 yana narkar da giris, kada ya shiga ciki. Injinan Daiwa masu tambarin Magsealed suna da wani mai na maganaɗisu da ke toshe ruwa, ba a buɗe wurin a gida kuma ba a ɗiga masa wani mai. Mai kai kayansa Norwe ya sani cewa ana buƙatar a tsabtace sanda da injin da zare da magani kafin a shiga kogunan salmon, saboda ƙwayar Gyrodactylus salaris da ta hallaka kifi a koguna da dama a can.

Kafin ka kashe kuɗi a kan injin salmon ka binciki dokar ruwan da za ka. A Ingila da Wales sai da lasisin sanda. A yawancin Sikotland ba a neman lasisin, amma dole ka sami izinin mai wurin, kuma haramun ne a doka kamun salmon ranar Lahadi. Wurare da yawa a kogunan Spey da Dee na masu kamu da ƙudan roba ne kawai, wasu kuma sai ruwa ya cika ake yarda a jefa koton ƙarfe.

A cikin kanti

Ka ɗauki mintuna biyar da injin a hannu. Murɗa shi a hankali ƙwarai, domin da sauri kowane inji yana da santsi. Ka saurari ko akwai gurnani ko wurin da yake ɗan tsayawa. Tsayar da hannun ka tura shi baya, bai kamata ya motsa ba. Girgiza shi gefe da gefe: hannun da ake ɗaurawa kai tsaye cikin giya ba ya wasa, wanda ke ratsawa a ɗaure shi da noti ta ɗaya gefen yakan saki da tsufa. Buɗe bakan waya ka girgiza injin kamar kana jifa, kada ya rufe da kansa, domin idan ya rufe a tsakiyar jifa cokali mai giram 28 tsinkewa zai yi ya tafi. Shafa farce a leɓen kwarkwaro, ko ɗan tabo ɗaya ya isa ya riƙa cin zare. Sannan ka sassauta birki ka juya kwarkwaro da yatsu, kana ƙara matsi kaɗan-kaɗan. Ya kamata ƙarfin ya riƙa hauhawa a hankali cikin juyi da yawa na murfin. Idan daga sako-sako ya faɗa ɗaure cikin rabin juyi, ba za ka iya saita giram 750 da shi ba, ka mayar. Masu saye ta intanet su yi hattara da farashin da ya faɗi ƙasa da rabi, domin ana buga jabun manyan tambura.

Ga wanda kuɗinsa na inji ɗaya ne, kuma kamunsa tirawut ne a kogi da tafki, da ƙaramin salmon jefi-jefi, shawarata ita ce C3000 na Shimano ko LT3000-C na Daiwa, mai giya wajen 6, nauyi giram 180 zuwa 230, tare da kwarkwaro na biyu. A ɗaya ka naɗa zaren roba 0.20 don tirawut, a ɗayan saƙaƙƙe mai ƙarfin kilo tara zuwa goma, aƙalla mita 150, da guntun fulorokabon 0.33. Ka tambayi farashin kwarkwaron na biyu kafin ka biya na injin, domin a wasu samfuran yana kai kashi ɗaya cikin uku na kuɗin injin gaba ɗaya. Idan kuwa Chinook ne a gabanka, ko salmon na farkon bazara a babban kogi, ka sayi 4000 mai jikin alminiyam da faifan kabon don shi kaɗai, ka nemi 1000 ko 2000 mai sauƙin kuɗi don rafi.